Yaron Mai Ɗaukar Hoto a Ƙasar Waje

Ƴan makaranta, babu ɗaya daga cikinku da bai taɓa ganin hoto ba. Akwai ƙaramin hoto mai santimita 4 tsawo, 4 faɗi, wanda ake mannawa bisa katin shaida. Akwai hoton sallah, da na biki, da na suna. Akwai kuma hoton babban masallacin Agadas da hasumiyarshi mai tsawon mita 27. Wannan hoto ya zagaya duniya tun kafin hukumar UNESCO ta sa tsohon garinmu cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2013.

In kuka shiga shagon hoto, wanda ake ce ma sitidiyo, sau da yawa mutum biyu kuke tararwa. Guda yana riƙe da kamara, shi ne maigida. Gudan kuma yana jan labule, yana gyara fitila, yana miƙa ma baƙi kujera, shi ne yaro. Ba don ƙarancin shekaru ake ce mashi yaro ba. Ko mai gemu ne, in dai yana ƙarƙashin wani yana koyon sana'a, yaro ne. Karatunmu na yau bisa wannan yaro yake, musamman wanda ya bar gida ya fara aikin a wata ƙasa.

Sana'ar da baƙi suka kawo

Tun da daɗewa masana suka lura da wani abu. In haske ya shiga ɗaki mai duhu ta ƴar ƙaramar huda, siffar abin da ke waje tana bayyana jikin bango, amma a kife. Wani malami mai suna Ibn al-Haisam, wanda ya zauna Alkahira shekara wajen 1000 da suka wuce, ya yi bayanin haka. Abin da ya rage shi ne dabarar tsaida wannan siffa don kada ta ɓace. Wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, ya samu dabarar wajen shekarar 1826. Hotonshi ya sha rana awa da yawa kafin ya kama. A 1839 aka bayyana ma duniya wata dabara da ta fi sauri, ta Louis Daguerre, a birnin Paris.

Lokacin da Heinrich Barth, wanda ake ce ma Abdul Karim, ya zo Agadas a 1850, da hannu ya zana abin da ya gani. Amma a bakin teku sana'ar ta shigo da wuri ta jiragen ruwa. A Akra, wadda tsofaffi ke ce ma Ankara, ƴan gidan Lutterodt suna ɗaukar hoto tun shekarun 1870. Daga bakin teku sana'ar ta yo arewa sannu sannu. Yarbawa, da mutanen Gana, da na Togo, da na Dahome, su ne suka buɗe da yawa daga cikin shagunan hoto na farko a garuruwan Sahel. Ga misali Philippe Koudjina. An haife shi Kwatano a 1940, ya zo Yamai yana saurayi, ya zauna, ya ɗauki hotunan samari da ƴan matan birnin cikin shekarun 1960 da 1970. A Yamai ya rasu, a 2014.

Kun ga ke nan, wannan sana'a da ƙafa ta yi tafiya. Wani ya bar garinsu, ya yi ma wani yaranta, ya koya, sannan shi ma ya koya ma wani.

Kafin a ɗauki jaka

Mutanen Agadas sun san tafiya tun zamanin ayari. A cikin birnin Kano har yau akwai unguwa mai suna Agadasawa. Saurayin da ke neman aikin hoto yana iya nufar Kano, ko Akra, ko Kumasi, ko Abijan, ko Tamanrasat. Duk inda ya nufa, abu uku yake bukata kafin ya tashi.

Na farko, takardu: takardar haihuwa, katin shaida ko fasfo, da katin rigakafi. Waɗannan takardu nashi ne. Ba a ba maigida su ajiya, don wanda aka riƙe ma takardu ba ya iya tashi in an cuce shi.

Na biyu, mai masauki. A Akra da Kumasi akwai zango, inda ake jin Hausa, kuma akwai sarkin zango. Baƙon da ya sauka hannun mutumin kirki ya samu wanda zai tsaya mashi.

Na uku, magana tsayayya tsakaninshi da maigida, gaban shaidu. Shin mai koyo ne, wanda za a ba abinci da wurin kwana a koya mashi aiki? Ko ma'aikaci ne, mai albashi a ƙarshen wata? Shekara nawa zai yi? A Gana da ƙasar Yarbawa, in mai koyo ya cika wa'adinshi, ana yi mashi bikin yaye, a ba shi takardar shaida. In ba a yi wannan magana tun farko ba, rigima tana jira a gaba.

Sai kuma a kula da hanya. Hamada ba wurin wasa ba ce. A watan Oktoba na 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Babu sana'ar da ta kai ran mutum.

Tsintsiya kafin kamara

Wanda ya zo da zaton ranar farko za a miƙa mashi kamara, ya yi kuskuren zato. Tsintsiya ake fara miƙa mashi. Kada ku ɗauka wulaƙanci ne. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaban mai hoto. Ƙwayar ƙura guda in ta zauna bisa fim, sai ta fito cikin hoton kamar tabo a fuskar mutum. Don haka yaro ke riga kowa zuwa. Ya yayyafa ruwa, ya share, ya kakkaɓe labule, ya goge kujeru. Madubin kamara kuwa ba a taɓa shi da yatsa, ba a goge shi da bakin riga, sai da ƙyalle mai laushi da aka ware don shi kaɗai.

Bayan shara, sai tarbar mutane. Nan ne baƙunta ke nuna kanta. A Kano Hausa ta ishe shi gaisuwa. A Akra sai ya koyi Ingilishi da ɗan abin da ya samu na harshen Ga ko na Tuwi. A Abijan Faransanci da Julanci ne ke aiki. A Tamanrasat kuwa Larabci da Tamajak. Kuɗi ma sun sake: naira a Nijeriya, sidi a Gana, dinari a Aljeriya. Wanda ya saba ƙirga dala da jika, sai ya sake koyon lissafin canji.

Yaro ne ke riƙe da littafin shago. Ciki yake rubuta sunan mai hoto, da kwanan wata, da yawan hotunan da yake so, da abin da ya biya kafin alƙalami, da ranar da zai komo. Kun ga amfanin lakwal. Wanda ya iya karatu da lissafi cikin harshe biyu, kamar ku, bai daɗewa yake koyon na uku.

Karatun haske

Kalmar da Turawa ke kiran hoto da ita daga harshen Girka ta fito, ma'anarta rubutu da haske. Babban karatun yaro ke nan. Kamara kamar ido take. Tana da ƴar ƙofa da ke buɗewa da yawa in wuri ya yi duhu, ta tsuke in haske ya yi yawa. Tana da marufi da ke buɗewa ya rufe da sauri, misali kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa guda. In haske ya shiga da yawa, hoto ya yi fari fat. In ya kasa, hoto ya yi duhu.

Cikin shago, yaro ne ke tsaida fitilu. Babbar fitila tana gefe guda, sama kaɗan da kan mutum. Ƙarama tana ɗaya gefen, don ta rage inuwa. Wani lokaci farin allo ko farin ƙyalle ake riƙewa, ya maida haske bisa fuska. In fitila ta yi ƙasa da yawa, mutum ya fito kamar dodo. In ta yi kusa da bango, inuwar kai ta ɓata labule.

Ga wata matsala da kowane mai hoto na ƙasashenmu ya sani: baƙin mutum cikin farar riga. In aka auna haske bisa rigar, fuska ta ɓace cikin duhu. In aka auna bisa fuskar, aikin allurar da ke wuyan rigar ya ɓace. Haka kuma rawanin turkuɗi, wanda ke walƙiya gaban fitila. Ba littafi ke warware wannan ba, sai ido da ya daɗe yana kallo. Shi ya sa yaro mai wayo ba ya kallon ƙofa in maigida na aiki. Hannun maigida yake kallo.

Yaro ne kuma ke gyara zaman mutane. Ya daidaita hula, ya miƙe bakin zane, ya sa yara gaba manya baya. Amma ba ya kai hannu ga kallabin matar mutane, sai ya nuna da baki, ko ya roƙi wata mace ta gyara. In dattijo mai amawali ya zo hoton katin shaida, wanda dole fuska ta fito, da ladabi ake roƙonshi: «Baba, a yi haƙuri a ɗan sassauta, yanzu za a gama.»

Cikin ɗakin duhu

A zamanin fim, ranar da maigida ya ce ma yaro ya biyo shi ɗakin duhu, ranar ce ya fara zama ɗan gida. Ku da kuke ganin maƙeran Agadas suna ƙera azurfa, ku san cewa hoto ma da azurfa ake yin shi. An shafe fim da wani gishiri na azurfa, wanda ke sakewa in haske ya taɓa shi. Fim guda yana ɗaukar hoto 12, ko 24, ko 36.

Ga yadda ake wankin hoto baƙi da fari. Da farko a fidda fim daga kwanonshi cikin duhu ƙirin, da lalube, a naɗa shi cikin wani gwangwani da haske ba ya shiga. A zuba ruwan magani na farko, wanda ke bayyana siffa. A zuba na biyu, wanda ke tsaida aikin na farko. A zuba na uku, wanda ke zaunar da siffar don haske ya daina yi mata komi. Sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa, a shanya. Abin da ya fito shi ne uwar hoto. Cikinta komi a juye yake: farar riga ta zama baƙa, baƙin gashi ya zama fari.

Daga uwar hoto ake fidda hotuna bisa takarda. A sa ta cikin wata na'ura mai fitila, wadda ke faɗaɗa siffar ta sauko da ita bisa takarda ta musamman. A ƙirga daƙiƙoƙi, sannan a bi da takardar cikin faranti uku na magani. Wannan aiki ana yin shi da jar fitila, don takardar baƙi da fari ba ta jin jan haske.

Ruwan magani yana son sanyi na digiri 20. A garin da zafi ke wuce digiri 40 da bazara, yaro ne ke neman ƙanƙara, ko a bari sai dare ya raba. Waɗannan magunguna guba ne. Ba a zuba su cikin kwanon abinci ko butar sha, kuma a wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Zamani ya sake

Cikin shekarun 1980, injinan wankin hoto mai launi suka bazu a manyan biranen Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikinsu mutanen Koriya ne suka kawo su. Sai mutane suka juya ma hoto baƙi da fari baya, ɗakunan duhu da yawa suka rufe. Tun 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya ƙera wata kamara da ba ta bukatar fim. Bayan shekarar 2000 irin wannan kamara ta cika duniya, sannan ta shiga cikin wayar salula.

Yaron shago na yau ba safai yake taɓa ruwan magani ba. Yana cika batura da wuta, yana kwashe hotuna daga katin kamara zuwa kwamfuta, yana gyara haskensu, yana buga su bisa takarda. Dokar farko da ake koya mashi ita ce a ajiye kowane hoto wuri biyu kafin a goge katin. Kayan aiki sun sake, amma shara, da karatun haske, da riƙon amana suna nan yadda suke.

Amana uku

Amana ta farko, kayan aiki. Kamara guda tana iya fin albashin yaro na shekara. Ba a aza ta bakin tebur, ba a barinta cikin rana, ba a ara ma aboki ita.

Amana ta biyu, kuɗi. Maigida yakan fita ɗaukar biki ya bar yaro da akwatin ciniki. Abin da ke cikin akwati dole ya yi daidai da abin da ke cikin littafi.

Amana ta uku ita ta fi nauyi: fuskokin mutane. Tela in ya ɓata riga, yana iya sayen wani yadi. Amma ba a sake ɗaurin aure don fim ya ƙone. Tsohon da aka ɗauka ranar suna, wataƙila hotonshi na ƙarshe ke nan. Kuma hoton mutum nashi ne. Ba a manna shi ƙofar shago, ba a tura ma abokai shi ta salula, sai da yardarshi. Hoton mace guda da ya fita ba da saninta ba yana iya kashe aure.

Ga baƙo, nauyin ya ninka. In ɗan gari ya yi laifi, sunanshi ake kira. In baƙo ya yi, sunan ƙasarshi ake kira, sai a rufe ƙofa ga duk ɗan Nijar da zai zo bayanshi. Amma maigida ma akwai amana bisa wuyanshi. In shekara ta zagayo yaro bai wuce tsintsiya ba, to, ba a cika mashi alkawari ba. Sai ya kai magana ga mai masaukinshi da shaidun nan, cikin ladabi, ba da gudu da dare ba.

Waɗanda suka fara da yaranta

Malick Sidibé Bafillace ne daga ƙauyen Soloba, a ƙasar Mali. Ya yi kiwo yana ƙarami, kuma ido guda gare shi mai gani. Ya zo Bamako ya koyi zane da ƙirar kayan ado. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya ɗauke shi don ya ƙawata mashi shago, sannan ya riƙe shi yaro. A 1956 ya sayi ƴar kamararshi ta farko. A 1962 ya buɗe shagonshi a unguwar Bagadaji. A 2007 aka ba shi babbar kyautar Zakin Zinariya a birnin Venis na Italiya. Ya rasu a 2016.

James Barnor kuwa an haife shi Akra a 1929. Ya yi shekara 2 yana koyo hannun wani ɗan'uwanshi, sannan ya buɗe shago mai suna Ever Young a 1953. Ko da yake ya riga ya yi suna a gida, a ƙarshen 1959 ya tafi Ingila, ya koma ƙarƙashin wasu. Ya yi aiki a wani gidan wankin hoto mai launi a yankin Kent, ya kuma shiga makarantar fasaha ta Medway. Bayan shekara 10 ya komo Gana, ya kafa wurin wankin hoto mai launi na farko a ƙasar.

Sana'ar ba ta maza kaɗai ba ce. Felicia Abban ta koya hannun mahaifinta, ta buɗe shagonta a Akra cikin shekarun 1950, har ta ɗauki hotunan shugaba Kwame Nkrumah.

Tsarabar tafiya

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Kuɗin da yaro ya tara a waje suna iya ƙarewa cikin wata uku. Kamarar da ya sayo za ta tsufa. Abin da ba ya ƙarewa shi ne abin da ya shiga idonshi da hannunshi, da sunan kirki da ya baro can. Barnor ba ya cikin littattafai don abin da ya samu a Ingila, sai don abin da ya kawo gida.

Aiki kuwa yana jiran mai komowa. Akwai Biyanu, akwai hawan sallah na Sarkin Abzin, akwai taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina. Maƙera da dukawa suna son hoton kayansu mai kyau don su nuna ma masu saye na nesa. Tsofaffinmu da tsofaffin gidajenmu suna bukatar wanda zai ɗauke su, ya rubuta suna da shekara, ya adana. Baƙi da yawa sun ɗauki hoton Agadas sun tafi da shi. Ya kamata ƴaƴan gari su ma su iya, don jikokinku su ga garin da idon mutanenshi.

Ma'anar kalmomi

Kafin alƙalami: kuɗin da ake fara biya kafin a gama aiki.
Mai masauki: wanda ke saukar da baƙo, ya tsaya mashi.
Amawali: ɓangaren rawani da ke rufe baki da hanci.
Uwar hoto: fim da aka wanke, wanda ake fidda hotuna daga gare shi.

Tambayoyi

1. Don mi ake ce ma mataimakin mai hoto yaro?
2. Waɗanne abu uku matafiyi ke bukata kafin ya tashi?
3. Mi ya sa ake fara ba yaro tsintsiya?
4. Wace amana ce ta fi nauyi? Don mi?
5. Mi James Barnor ya kawo ƙasarshi daga Ingila?
6. Mai hoto ya tafi biki da fim 5, kowane mai hoto 36. Hoto 14 suka lalace. Nawa suka rage?

Aiki

Ku samo kwali, ku rufe shi ruf. Ku huda gefe guda da allura. Ku yanke ɗaya gefen, ku manna takarda mai shara-shara. Ku lulluɓe kanku da zane mai kauri, ku juya hudar wajen itace ko gini da rana ta haska, ku dubi takardar. Kada ku juya hudar wajen rana kanta. Ku zana abin da kuka gani cikin littafinku, ku rubuta bayaninshi da Hausa, sannan da Faransanci.